Jan da Malam Ya Zaɓa

Mahaifinmu mai zayyana ne. A Tambuwal idan ɗalibi ya sauke Alƙur'ani, allon da zai riƙe ranar walima gidanmu ake kawowa, Malam ya zauna a zaure ya ƙawata shi da alƙalamin kara. Malam muke ce masa, har mu 'ya'yansa, kamar yadda kowa yake faɗa. Launukansa ba su da yawa: baƙi, ja, rawaya, sai kore mai duhu irin na miyar kuka. Duk shi yake haɗa abinsa, da gawayi da ƙaro da jar ƙasa da saiwoyin da shi ya san inda yake samo su. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Sakkwato, kuɗin mai ya shigo, kantuna suka cika da tawadar kwalba mai ƙyalli, sauran masu zayyana suka ruga a guje. Shi ko kallo ba ta ishe shi ba. Ya ce wannan ta masu fentin mota ce.

Ni ban gaje shi ba, ko kuma in ce na gaje shi ta hanyar da bai so ba. Boko na yi, na koyi zane a kwamfuta a Sakkwato, na dawo na buɗe ɗan shago kusa da tasha ina yin katin gayyata da kalanda. Malam bai taɓa zagin sana'ata ba. Abin da ya yi ya fi zagi ciwo: bai taɓa tambayata komai a kanta ba.

Sai ga shi wata shekara wani tsohon ɗalibinsa, wanda ya buɗe makaranta a Kebbe, ya zo da roƙo. Masu sauka sun yi masa yawa, ba zai yiwu kowa ya samu allo ba. Yana son a buga musu takardar shaida, amma gefenta ya zama zayyanar Malam, a rubuta sunansa a ƙasa don albarka. Na tabbata za a kore shi da nasiha. Abin mamaki, sai Malam ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ka ba wanga, shi ka da akwatin zane." Ban san sanda na ce to ba. Ranar na yi murna irin ta yara, ba zan ɓoye ba.

Aikin farko shi ne in kwafe zanen. Ba hoto kawai ake ɗauka a manna ba, don idan aka faɗaɗa shi sai ya dagargaje. Sai mutum ya bi kowane layi da maus, linzamin kwamfuta, yana dasa ɗigo yana lanƙwasawa, har siffa ta rufe. Idan ta rufe ta karɓi launi, idan an bar 'yar kafa ko da ta kai tsinin allura, launi ya ƙi zama. Zayyanar Malam kuwa ƙulli ne cikin ƙulli, zare ya shiga ƙarƙashin wani ya fito ta kan wani. Na sha wahala. Ana tsakar aiki a ɗauke wuta, janareta ya yi tari ya mutu, abin da ban adana ba ya tafi. Amma wannan wahalar da na sani ce, ba ta ba ni haushi ba.

Launi ne ya tsaya mini a wuya. Allon da aka ba ni in kwafa na baya-bayan nan ne, kuma a nan ne matsalar take. Shekarun nan yanar ido ta riƙa rufe wa Malam gani, sannu a hankali. Layinsa bai lalace ba, hannu ya riga ya haddace. Amma ya fara ƙorafin cewa tawadarsa ta yi sanyi, ƙasar yanzu ba ta da ƙarfi. Da kansa ya aika a sayo masa tawadar kantin da ya raina, har yana zuba bular wanki a cikin ja da kore don su fito. Allunan suka koma wani abu mai kashe ido, ja kamar alawar yara, kore kamar bokitin roba. Kowa yana gani. Iyayen ɗalibai su karɓa da hannu biyu su ce masha Allah, sai sun fita zaure su kalli juna. Wa zai buɗe baki ya ce wa Malam hannunsa ya kauce?

Na ce ni dai ba da wannan launin zan buga ba. Na hau babur na tafi Kebbe wurin Goggo, ƙanwar Malam, saboda na san tana ajiye da allon saukar babban ɗanta tun zamanin da idon yana garau. Hanyar ta jijjiga ni sosai, ga damina ta ci gefenta. Goggo ta sa na ci tuwo tukuna, ta yi mini faɗan rashin zumunci, sannan ta buɗe adaka ta fito da shi naɗe cikin tsohon zane. Ta warware shi a gabana. Jan nan mai nauyi ne, a natse, ya zauna kusa da rawaya ba wanda yake danne wani. Na fitar da shi inuwar ɗaki na ɗauki hotuna ta kowane gefe.

Da na dawo shago na buɗe hotunan, na riƙa tsotso launi daga jikinsu. Ba wuri ɗaya ake ɗauka ba, don itace yana da duhu a wani wurin da haske a wani. Sai ka ɗauka nan ka ɗauka can, ka nemi tsakiya, ka gwada bugawa a takarda ka gani, domin abin da fuskar kwamfuta take nunawa daban, abin da inji yake fitarwa daban. Kowane launi da na gamsu da shi na ajiye shi a ɗan akwatinsa a gefen shafi, na sa masa suna. Da jerin ya cika na zuba su cikin zanen, ƙulli bayan ƙulli. Wallahi ya yi kyau. Na zauna ina kallonsa ina tunanin abin da Malam zai ce.

Yaya ne ya kawo Malam, babban wanmu ke nan, wanda yake akawu a sakatariyar ƙaramar hukuma. Karon farko ke nan da Malam ya taka shagona. Na share kujera, na juyo masa da kwamfutar. Ya matso har gemunsa yana taɓa gilashi, ya daɗe yana dubawa.

"Layin ya yi," in ji shi. "To ina launin?"

"Ga shi nan, Malam. Daga allon Goggo na ɗauko."

"Wanga? Wanga laka ta. Ni ban taɓa yin ja haka ba. Ƙara mai wuta."

Na ƙara kaɗan. Ya ce ban taɓa komai ba. Na ƙara. Ya ce in sa shuɗi a ciki. Ja da shuɗi! Ina ja da maus, ina kallon jan da na wahala a kansa yana komawa ruwan hoda, daga nan ya zarce wani abu da ban san sunansa ba. Sai da ya kai inda ni kaina nake runtse ido, sannan Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Yawwa. Wanga shi na jan da nika yi." Haka muka bi kore, haka muka bi rawaya. Yaya yana tsaye a baya ya harɗe hannu, duk abin da aka zaɓa ya ce masha Allah.

Na yi ta dabaru a kwanakin da suka biyo. Na buga kala biyun na kai gida, na ajiye su gefe da gefe a kan buzunsa ba tare da na ce ga nawa ga nasa ba. Ya ture na Goggo da bayan hannu. Na gwada rage wutar kaɗan-kaɗan ko ba zai lura ba. Ya lura. Mutumin da ba ya gane fuskar jikansa sai ya yi magana, amma in na rage jan nan da ƙwayar gero sai ya ce an taɓa masa abu. Na rasa yadda zan yi da raina. Ina da aikin mutane a shago, katin biki yana jira, ni kuwa ina nan ina kokawa da ja.

Ranar da haƙurina ya ƙare, a zaure ne, bayan la'asar. Na durƙusa na ce, "Malam, a gafarce ni. Ba tawada ta yi sanyi ba, idonka na. Yana ta rufe shi, shi ya sa kaka ganin komi dushe-dushe. Wanga launi da kaz zaɓa, mu da muka gani, ya yi yawa."

Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tun ba a haife ka ba nika haɗa tawada." Ya ɗauki tasbaharsa.

Yaya ya ja ni waje ta hannun riga kamar ɓarawon akuya. "Kai mi ka damunka? Malam zaka koya ma launi? Don ka iya latsa akwati?"

"Yaya, kai ma kana gani."

"Ina gani mana. Kowa na gani. Sai mi? Sunanshi na za a sa, ba naka ba. Abin da yac ce shi za a yi."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, wai sunansa ne. Ai saboda sunansa ne nake wannan haukan. Da katin bikin wani ɗan kasuwa ne, ko ya ce in zuba masa launin jakar taki sai in zuba in karɓi kuɗina. Na je wurin mahaifiyarmu, ta ce in bar tsoho ya huta. Na aika wa Goggo, ta aiko cewa ita ba ta shiga tsakanin ɗa da uba. Mai makarantar Kebbe kuwa ya ce duk abin da ya fito daga bakin Malam albarka ne, ga shi ranar walima ta matso. Kowa ya zame, aka bar ni ni kaɗai, mara kunyar gida.

Na kai aikin Sakkwato. Mai injin bugawa ya buɗe fayil ɗin, ya dube ni, ya sake duban kwamfuta, ya tambaye ni ko kuskure ne. Na ce ya buga kawai. Aka yi walima a Kebbe, aka raba takardu, aka sa su a gilashi. Wasu makarantun suka gani suka ce su ma suna so, daga Jabo, daga Dogon Daji. Duk gidan da na shiga gaisuwa sai in ga abin nan rataye a bango yana hararata, da sunan mahaifina a ƙasa da rubutu mai kyau, rubutun da ni na tsara.

Bayan kaka aka kawo likitocin ido Sakkwato, Yaya ya lallaɓa Malam ya yarda aka kai shi. Aka cire yanar ido ɗaya. Da ya dawo aka kwance bandeji, ya yi ta kallon abubuwa kamar baƙo. Ya ce ashe bangon zaure fari ne. Ya ce wa mahaifiyarmu ta tsufa, aka yi ta dariya. Ni ban yi dariya sosai ba, don na san takardar shaidar nan guda tana rataye a bayan ƙofa.

Da safe na shigo gaishe shi na tarar ya sauko da ita, tana kan cinyarsa. Yaya yana gefe, ya sunkuyar da kai.

"Wa yaz zuba wanga launi?"

"Ni na zuba, Malam. Kai kaz zaɓa."

Ya sa aka ɗauko masa kwalaben tawadarsa, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana karkata su wajen hasken ƙofa. Na sha ƙiyasta wannan ranar a raina, ina cewa zan ji sanyi in gaskiyata ta fito. Ban ji sanyin komai ba. Tausayi ne ya kama ni, da wani sabon haushi, na Yaya da na duk masu masha Allah.

"Duk kuna gani?" ya tambayi Yaya.

Yaya ya ce, "Mun ga kamar ba shi da daɗi a faɗi, Malam."

Na yi sauri na ce launukan farko suna nan a ajiye, ban goge ba. Zan sake bugawa, in bi makarantun in musanya, ba sai kowa ya san dalili ba. Ina magana ina jin kamar na samo mafita.

Ya dube ni da idon nan guda mai gani. "Takarda kana iya sakewa," ya ce. "Allunan fa? Shekara nawa ɗiyan mutane na zuwa da sauka, ni ko ina ɓata musu allo, suna godiya?"

Ya mayar da murafen kwalaben, ya tura su gefe. Da sati ya zagayo wani mutum ya zo daga Jabo da allon ɗansa a naɗe, ya yi sallama a ƙofar zaure. Malam ya ce a ba shi haƙuri, a gaya masa shi ya daina zayyana.