Hassan Ya Mutu, Husaini Bai San Hanya Ba

Har gobe ban mance da ranar da aka kusa shafe muryoyin matattu a gabana ba. Ina ba ku labarin ne, ku masu tasowa a wannan aiki na gyaran kwamfuta, don har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi.

Damina ce, bayan na ajiye aiki na dawo gida Malbaza. Hajiya Ramatu, mai gabatar da shiri a wani gidan rediyon karkara cikin yankin Illela, ta kira ni tana kuka. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ya dawo da ƙarfi, sarwarsu ta ƙi tashi. Sarwa ita ce babbar na'urar da duk gidan ke ajiya a ciki. A cikinta akwai hirarrakin da Hajiya ta yi shekaru tana naɗa da tsofaffin manoma da makiyaya, da Hausa da Fulatanci da Buzanci. Yawancinsu sun rasu, har da mahaifinta.

Na shiga motar haya. Da isata na tarar da direktan gidan tsaye a kan Idi, mai gyaran salula da ya ɗauko daga Ƙwanni. Idi ya riga ya soka wa sarwar kile ɗinsa, wato filashi, allo na tambaya ko a shafe diski a ɗora sabon tsari. Yatsarsa na kan maɓalli.

Na ce, "Ɗauke hannunka!"

Direkta ya ce, "Baba, sannu da hanya. Ai ba komi, tagwaye ne a ciki. In an wanke guda, ɗayan na nan."

Na nuna masa allo, diski guda kaɗai ke bayyana, na ce, "Wane ɗayan? Wanda ya ƙone? Mai ran ne kuke shirin yankawa!"

Bari in fayyace. Sarwar tana da diski biyu, manhaja ce ke haɗa su, abin da muke kira RAID. Duk abin da aka rubuta a ɗaya sai a rubuta a ɗayan. Shi ya sa ma'aikatan gidan suka sa musu Hassan da Husaini. To amma akwai wani ɗan ƙaramin shiri, GRUB, wanda ke tada na'ura in an kunna ta. Shi manhajar ba ta kwafe shi da kanta. Dole mai haɗawa ya sa shi da hannu a kan kowane diski. Kamfanin da ya zo daga birni ya haɗa sarwar ya sa wa Hassan kaɗai, ya ci abinci, ya ɗau hoto, ya tafi. Da Hassan ya ƙone, Husaini na riƙe da kaya duka amma bai san hanyar tashi ba.

Na yi wannan aiki a Abijan da Legas da Jidda. Na ji an zagi na'ura da Faransanci da Ingilishi da Larabci. A Legas sai an zare diski guda a gaban mai kaya, an ga na'ura ta tashi, kafin ya sallame ka. A nan kuwa, da an ji mutum na zuba Faransanci sai a yi masa tafi. Mutanen ƙauye ne, wa zai tambaya?

Direkta ya ce, "Baba, shirin yamma fa na jira."

Na ce, "Ku sa musu kiɗa. Shiri ana sakewa. Mahaifin Hajiya za ka taso ya sake magana?"

Idi ya ja da baya yana cewa, "Ni dai umarni aka ba ni, Alhaji." Gaskiyarsa, ban ga laifinsa ba.

Na tada na'urar da nawa kile, ba tare da na taɓa diskin ba. Na umarci manhajar ta buɗe Husaini shi kaɗai, ko da ɗan'uwansa ba ya nan. Fayiloli suka bayyana. Ban gyara komi ba sai da na kwafe su kaf zuwa wani diski na waje, domin tagwaye ba ajiya ba ne: wutar da ta ci ɗaya tana iya cin biyu. Sannan na sa wa Husaini GRUB, na nuna wa na'urar ta riƙa tashi daga gare shi. Na kashe, na kunna. Ta tashi.

Hajiya ta matso. Ta ja kujera, ta lalubo wani fayil. Sai ga muryar tsoho yana tari, yana cewa, "Ramatu, matso da abin naki kusa, ba ni son ɗaga murya." Ta rufe fuska da mayafi.

Da sabon diski ya iso, na haɗa shi, na sa masa nasa GRUB, sannan na sa direkta ya zare Husaini da hannunsa ya kunna. Ta tashi. Muka mayar, muka zare sabon. Ta sake tashi.

Abin da na koya ke nan: aikin da ba a gwada ba, ba a gama shi ba. Kowace tsohuwa a ƙasar nan ta san ba a yi wa Hassan riga a bar Husaini tsirara. Masu takardun birni ne kawai suka mance.