Kabad ɗin Kak Saodah

Kak Saodah, wato Yaya Saodah a yarenmu, ba ta iya zama ba. Ko shayi za ta sha, a tsaye take sha, jariri a kafaɗa, ƙafa tana kaɗa lilon wani, baki kuma yana ta aiki. Gajeriya ce, shekararta hamsin da takwas, amma tun daga bakin layi kake jiyo muryarta. A wani ƙauyen manoman shinkafa kusa da garin Yan aka haife ta, ita ce babba cikin su bakwai, don haka tun tana 'yar shekara tara take raino. Ta yi shekara goma sha ɗaya tana shara a wani asibitin mata da yara a nan garin Kulim, a can ta kamu da son takarda. Da mijinta direban babbar mota ya rasu, sai ta fitar da kujerun falo, ta shimfiɗa tabarmi, ta rataya lilo uku, ta shiga rainon 'ya'yan matan masana'anta irina.

Kabad ɗin gilashin nan da matan unguwa ke jera faranti a ciki, ita fayil ta jera. Kowane yaro da launinsa. A ciki akwai kwafin takardar haihuwa, littafin rigakafi, abincin da jikinsa ba ya so, da sunan wanda aka yarda ya zo ɗaukarsa. Ji take da fayil ɗin nan sosai, duk iyayen da suka zo duba gida kafin su kawo ɗa sai ta baje musu su gani. Ni ma ta baje mini. Kafin in shanye shayina na san wane yaro ke farfaɗiya, na san wanda ubansa ke gidan yari. Wallahi a ranar burge ni abin ya yi, na ce ga mace mai tsari. Sai da na miƙa mata takardun 'yata Qistina, na hau babur, sannan na tuna abin da ke rubuce a takardar haihuwarta.

Wata biyar da ɗaurin aurenmu da Hafizi na haihu. Danginsa mun ce musu tun da daɗewa muka je aka ɗaura a ƙetaren iyaka, biki ne kawai ya yi jinkiri, suka yi faɗansu suka haƙura. Amma ofishin rajista kwanan wata yake ƙirgawa. Yaron da ya zo kafin aure ya cika wata shida ba a jingina shi ga sunan uban. A gida kowa Qistina binti Hafizi yake cewa, a takarda kuwa Qistina binti Abdullah ce, sunan da ofis ke sa wa duk yarinyar da aka hana sunan uba, kuma babu babban da zai ga wannan bai gane ba. Kak Saodah ta karanta a gabana, ta sa a fayil mai ruwan ɗorawa, ta tambaye ni ko yarinyar tana cin kifi. Shekara uku ba ta taɓa ɗaga zancen ba, ni ma ban ɗaga ba.

Wata Lahadi a gidan surukata, Adibah, 'yar gwaggon mijina, ta ce hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa, ran Laraba da ƙarfe goma za ta je duba gidan mai rainon Qistina. Uwarta za ta raka ta. Uwar ita ce Mak Long Maimun, babbar yayar mahaifin Hafizi, tsohuwar shugabar makaranta. Matar da ko ƙunshin magani ka ba ta sai ta karance takardar ciki har ƙasa, ta kuma gyara maka yadda kake sha. Sai fayil mai ruwan ɗorawa ya faɗo mini a rai.

Kwana uku na yi ina shiga ina fita. Litinin na tsaya a ƙofar Kak Saodah da niyyar in ce ta ɓoye namu, ta cika ni da labarin haƙorin wani yaro, na juya. Talata na buɗe baki, sai na ji ina tambayarta inda take sayen albasa. Yaya zan ce mata? In na ce ta ɓoye, na faɗi abin da shekara uku muke yi kamar ba mu sani ba. Hafizi kuwa cewa ya yi in bar wa Allah. Na ce masa ai daɗin abin shi ba sunansa za a tauna a ɗakin girki ba, nawa ne da na 'yata. Har tunanin sace fayil ɗin na yi, in sa a jakar madara.

Ran Laraba ina kan layin haɗa kaya a masana'anta, waya tana kulle a akwatin ma'aikata, idona a kan agogon bango. Allon lantarki huɗu na lalata kafin tara da rabi. Na ce wa shugabar layi cikina ke ciwo. Na hau babur cikin ruwan sama, rigar aiki a jikina, ina gudu ina zagin kaina da na bar takardar tun farko.

A ƙofa na ga takalman Mak Long a jere, an daidaita su tsaf. Na shiga jiƙe sharkaf. Suna zaune a tabarma, ga shayi ga kuih, 'yan kayan zaƙinmu, a faranti, Qistina tana kan cinyar Mak Long tana wasa da carbinta. Na sumbaci hannun tsohuwar, na ce an tashe mu da wuri ne. Ta kalle ni daga sama har ƙasa.

Kak Saodah tana tsaye kamar kullum, ta jingina da kabad. A gaban Adibah akwai fayil guda, na leƙa, sai na ga farare ne takardun, ba a rubuta komai ba. Tana yi musu bayani: nan ake sa rigakafi, nan zazzaɓi, nan lambar wayar kaka. Mak Long ta ce ita fanko ba ya gaya mata komai, an ce mata matar nan tana nuna na yaran da ke hannunta, shi ta zo gani. Kak Saodah ta ce da tana yi, ta daina, shekara uku ke nan. Na ɗago kai. Ba ta dube ni ba.

Mak Long ta yi murmushin nan nata na ofis. Ta ce to na bare a bar shi, a kawo mata na jikarta, ta ga yadda ake kula da jininsu.

"Hajah, ki yi haƙuri," in ji Kak Saodah. "Wannan ma ba zai buɗu ba."

"Ga uwarta nan zaune. Suraya, ce mata ta kawo."

Duk suka juyo gare ni. In na ce a'a, ta tambayi dalili. In na ce to, na kashe kaina. Adibah tana kallona, ruwa yana ɗiga daga ɗankwalina a kan tabarmar mutane. Kak Saodah ce ta riga ni.

"Ko ta ce in kawo ba zan kawo ba, Hajah. A gaban baƙi ba na buɗewa. Gobe na jikanki ne a ciki, wata ta zo ta ce ita ma dangi ce."

A wurinmu ba a ce wa babba a'a haka tsirara, balle wadda ta je Makka sau biyu, balle a gaban 'yarta. Kak Saodah ta san da haka sarai. Mak Long ta sauke Qistina, ta ture shayin da ba ta shanye ba, ta ce wa Adibah su tafi. Da motarsu ta tashi na so in yi magana, Kak Saodah ta jefo mini tawul ta ce in goge kaina kafin in sa wa yara mura, ta wuce ɗaukar wanda ke kuka.

Ran Asabar aka yi walimar sunan ɗan wani ƙanin Hafizi. Muna zaune mu mata muna yankan albasa da citta, Mak Long ta ɗauko zancen. Ta ce mace marar tarbiyya, mai ɓoye-ɓoye, wa ya san abin da take ɗura wa yara su yi barci da har take tsoron a ga takarda. Mata suka shiga jinjina kai. Sai ta juyo gare ni, ta ce ni da nake kai 'yata can me zan ce.

Na ce gaskiya tana da taurin kai, ni ma haƙuri nake yi da ita don gidanta ya fi kusa. Haka na ce, da bakina. Har da 'yar dariya. A cikin masu yankan akwai wadda gidanta ke kallon na Kak Saodah, na gan ta, ta gan ni. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba, albasar ce ta rufa mini asiri.

Litinin da safe na yi ta zagaya layin da babur, Qistina a gabana tana tambaya ko mun ɓata ne. A zagaye na uku na tsaya. Kak Saodah ta fito da ludayi a hannu, ta sauke yarinyar, ta cire mata hular kwano, ta tura ta ciki. Na ce, "Kak, akwai maganar da na yi ran Asabar."

"Na ji tun kafin la'asar," in ji ta. "Da kin kare ni, da ta zauna tana tunanin dalili. Ki bar wannan."

Na fara kuka a bakin titi. Ba ta rarrashe ni ba, ta dai matso kusa, ta rage murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba.

"Suraya, ni kabad kawai nake da shi. Baɗin baɗi Qistina za ta shiga makaranta, can kuwa da lasifika ake kiran suna, cikakke, a gaban kowa. Kada ki bari a can kakarta ta fara ji. Kada ki bari a can ita ma ta fara ji."

Wani yaro ya ƙwala kuka daga ciki, ta juya da sauri ta shige. Na tsaya riƙe da ƙaramar hular kwanon, injin babur yana ta aiki, saura minti goma a rufe ƙofar masana'anta.