Azumin da na ɗora wa golanmu

A shekarata ta ƙarshe a sakandare, a wata makarantar mishan da ke nan cikin Gombe, ni ne kyaftin ɗin ƙwallo kuma ni ke jan addu'a a zumuntar ɗalibai. Babana dattijo ne a cocinmu na unguwar Federal Low-Cost, saboda haka tun ina ƙarami ake nuna ni ana cewa ga yaron kirki. Wannan yabo ya kumbura min kai. Ina ganin duk abin da ya faɗo min a rai Ubangiji ne ya sa shi, kuma kaiton wanda ya yi min gardama. Shekaru sun shuɗe, amma har yau idan na tuna wannan yaron da nake a lokacin, sai in ji kamar in kama shi in mare shi.

Muna da al'ada a tim ɗinmu. Kafin tirenin sai mu yi da'ira, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, mu yi waƙa ɗaya, sannan duk mai damuwa ya faɗa a yi masa addu'a. Wannan da'ira ita ta mai da mu 'yan uwa. A cikinta golanmu, ɗan wani bakanike a unguwar Bolari, yaro shiru-shiru, ya gaya mana cewa wani koci daga makarantar horar da 'yan ƙwallo zai zo ya kalle shi a wasan ƙarshe na gasar makarantu. Idan ya burge shi, zai ɗauke shi kyauta. Duk gidansu a kan wannan rana suka sa rai.

Saura kwana uku wasan, na tashi na ce na ji a zuciyata mu yi azumi, shida na safe zuwa shida na yamma, ko ruwa babu, kuma tirenin yana nan. Watan Maris fa, ranar Gombe tana dukan tsakiyar kai! Na ce kada malamin wasanni ya ji, don zai hana mu da hikimar duniya. Kowa ya ce amin. A rana ta biyu na zagaya bayan ajinmu, sai na tarar da golan a tsugune yana cin biredi da ruwan leda, da wani farin magani a kwalba kusa da shi. Ya buɗe baki zai yi magana, na juya na bar shi. Na ga kwalbar nan da idona, amma ban tambaya ba.

Da yamma a cikin da'ira na ce akwai maci amana a tsakaninmu, mai son cikinsa fiye da Allah, kuma idan muka faɗi wasa shi ne sanadi. Na kira sunansa. Yaran da ke gefensa biyu suka janye hannuwansu daga kafaɗarsa. Ya sunkuyar da kai, ya ce mu yafe masa. Washegari ya yi azumin cur, har da safiyar wasa ya ƙi karyawa, wai yana rama wanda ya sha. Ni kuma ina ta murna na dawo da ɓatacce hanya. Kai, wauta!

Ya tsare raga lafiya lau har hutun rabin lokaci. Da aka dawo, ya tashi sama ya cafke wata ƙwallo, ya sauko, sai ya durƙusa riƙe da ciki yana aman jini. A keke napep aka kai shi asibiti. Nan na ji cewa gyambon ciki ne da shi tun yana aji biyu, likita ya hana shi zama da yunwa, shi kuma yana ɓoyewa don kada a cire shi daga tim. An yi masa aiki. Kocin da ya zo dominsa ya koma tun kafin a tashi wasa. Abin da ya fi ci min rai shi ne mun ci wasan, ɗaya da nema, aka ɗaga ni sama ana cewa Allah ya amsa addu'ar kyaftin. A bakin ɗakin marasa lafiya mamarsa ta dube ni ta tambaye ni, cikin sanyin murya, wane Allah ne ya aiko ni in hana ɗanta abinci.

Bai sake tsaron raga ba. Yana garejin babansa yanzu. Na ɗauki shekaru ina canza hanya don kada mu haɗu, kafin na iya zuwa na roƙe shi gafara. Ya goge hannu da tsumma, ya ba ni benci, ya ce ya daɗe da yafewa. Sai ya ƙara da cewa ciwon cikin bai dame shi ba kamar yadda a cikinmu duka, mu da muke kiran juna 'yan uwa, ba a sami mutum ɗaya da ya tambaye shi me ya sa yake cin abinci ba.

Ban daina azumi ba, ban kuma daina addu'a ba, amma na koyi cewa ibadar da na ɗauka wa kaina ba ni da ikon ɗora ta a wuyan wani. Ku matasa masu jan wasu a coci ko a fili, ku ji tsoron ranar da kowa zai ce muku amin ba mai musu. Idan kun ga ɗan'uwa ya kauce, ku tambaye shi dalili a keɓe kafin ku kira sunansa a gaban jama'a. Ni minti ɗaya ya ishe ni in yi wannan tambaya, ban yi ba, shi kuma har yau yana ƙarƙashin motocin mutane.