Jakin Mai Karatun Mi'iraji

A shekara ta biyu ta fari na sayar da jakunan da suka rage mini, don na ga babu abin da zan ba su. Dillalin jakai ne ni a Isa, dabba ba ta ɓoye mini yunwarta.

Da watan Rajab ya kama, wani Alhaji mai rumbuna a unguwarmu ya aika ƙauyen Kamarawa aka kira wani tsohon malami ya karanta Mi'iraji a ƙofar gidansa. Tsohon ya zo kan jakinsa. Jakin nan shi ne ƙafarsa, don gwiwa ta hana shi doguwar tafiya, kuma da shi yake zaga ƙauyuka yana samun abinci. Aka ɗaure shi a rana, aka shimfiɗa wa manya darduma.

Bayan la'asar Malam ya fara. Ya siffanta Buraƙa, ta fi jaki, ba ta kai alfadari ba. Ya faɗi yadda Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya ɗaure ta da hannunsa a Baitul Muƙaddas kafin a hau da shi sammai. Alhaji ya ja bakin rawani yana goge ido, yana leƙen wa ya gan shi. Ni kuwa jakin nake kallo, yana lasar ƙasa, haƙarƙarinsa a waje.

Na zagaya na raɗa wa Alhaji a ba jakin damin harawa ɗaya. Ɗaki guda gare shi cike, kowa ya sani.

Ya ce, "Kai dai dillali, ana sama ta bakwai kana zancen jaki? Harawar ga ta doki ce."

Na je gida na dama dusar da matata ta ajiye. Kafin in dawo jakin ya kwanta. Ya sansana kwanon, ya kasa ɗaga kai.

Da safe Alhaji ya sallami Malam da sabon rawani da kwalbar turare. Sannan ya aiko a ce mini, tunda na san harkar jakai, in sa a ja mushen kafin ya yi wari.

Na raka Malam har bayan gari. Ya ɗora littafinsa a ka, sanda a hannu, ya nufi Kamarawa yana ɗingishi. Bai sake zuwa Isa ba.