Ƙwandalar Da Na Bi Na Bar Riɗin Babana

Shekarata goma sha bakwai a lokacin, ɗan fari a gidan manoma kusa da Ƙala'at an-Nahal, kuma babu abin da na tsana kamar a ce in yanke shawara. A shekarar ne wasu iyali da yaƙi ya koro daga Hartum suka sauka a maƙwabtanmu. Ɗansu sa'ana ne, kuma abin da ya tsira da shi daga gidansu wata tsohuwar ƙwandala ce da ta daina ci a kasuwa. Komai sai ya wurga ta sama kafin ya yi, har zaɓen hanyar zuwa masallaci. Yakan ce tunda ya ga gidansu ya salwanta a wuni ɗaya, ya daina wahalar da kansa da tunani. Ni kuwa na ga sauƙi, na bi shi.

Riɗinmu na gab da nuna sai ciwo ya kwantar da babana, aka ce sai asibiti a Gadarif. Kafin a sa shi a mota ya riƙe hannuna, ya ce da zarar ganye ya yi rawaya in tara mutane mu yanke, kada in ƙara ko kwana ɗaya, domin in kwanson riɗi ya bushe a tsaye buɗewa yake yi ya zube. Na ce na ji. Bayan mako guda abokin nan ya zo da labarin wata lori da za ta Hawata, direban ya yarda ya kai mu mu ga kogi, kwana biyu mu dawo. Da safiyar ranar na leƙa gona, na ga rawaya da idona. Duk da haka na ce a wurga ƙwandala. Ta faɗi a gefen da muka sa wa gona. Muka yi dariya, na ce iska ce ta kaɗa ta, a sake. Sai a wurgi na uku ta ba ni abin da nake so.

Lorin ta lalace a hanyar dawowa, kwana biyu suka zama shida. Na tarar da innata da ƙannena mata a gona da lauje, duk karan da suka taɓa sai ka ji riɗi na zuba cikin tsagar ƙasa, inda hannu ba ya kaiwa. Inna miƙo mini laujenta kawai ta yi. Abin da muka tsira da shi ko iri bai isa ba.

Da baba ya dawo, a rame, sai da ya sa aka kai shi gonar. Ya daɗe a tsugune, sannan ya tambaye ni wa ya ce in tafi. Na ce ƙwandala ce ta faɗi haka. Ya ce da na ce ni ne, da ya fi samun sauƙi, don wanda ya amsa laifinsa ana iya sake ba shi gona. Kafin damina ta zagayo Allah ya yi masa rasuwa.

Yau ni ke noma gonar, kuma har yanzu abin yana ci mini rai. Matasa 'yan'uwana, in kuka ga kuna neman wani abu ya zaɓa muku, to kun riga kun zaɓa, kunya ce kawai ta hana ku faɗa. Ni ban samu na gaya wa babana cewa wurgin farko gona ya nuna ba.