Inna da Mai Tuba

Jama'a, yau Inna ta tsayar da ayarin biki a tsakiyar titi!

Kun san kakata Inna ta daɗe da kurmancewa, ko tsawa ba ta ji. Muna zaune a shagona na atamfa, sai ga 'yan fanfar, masu bushe-bushen biki, sun biyo ta bakin kasuwa. Na ƙarshensu yana rungume da tuba, ƙaton ƙahon tagullan nan mai kaurin murya.

Kawai Inna ta dafe ƙirji. Ta ce, "Hadiza, wa ke buga min ƙofa?"

Kafin in amsa ta miƙe, ta ratsa tsakanin babura! Na bi ta da takalmi ɗaya. Ta je ta ɗora tafin hannunta a jikin tuban. Kiɗa ya tsaya cak. Dangin amarya suka hau faɗa da Inna.

Mai tuban ya ce, "Ku ƙyale Mama." Ya cika kumatu, ya busa mata a hankali. Bum, bum.

Inna ta lumshe ido tana kaɗa kai. Sannan ta nuna sauran masu busa, ta ce, "Waɗancan kumatu kawai suke kumburawa. Wannan kaɗai ke magana."