Muryar Matan Kwarin Gawo

A shekarun da soja suka koma bariki, Abuja na ta tsirowa kamar ciyawar damina, mu muna can saman tudun Mpape a ɗaki biyu na haya. Babana direban tifa ne, yana kwasar dutse zuwa cikin gari. Bayan rasuwar kakanmu ya je ƙauyenmu, Kwarin Gawo, ya ɗauko mahaifiyarsa. Iya muke ce mata. Har ta bar duniya ba ta saba da wurin ba. Duk sanda aka fasa dutse da nakiya ƙasa ta girgiza, sai ta dafe ƙirji ta yi salati.

Akwai risho a ɗaki, amma Iya ta ce tuwon risho ba ya nuna. Da an idar da Magariba sai ta hura wuta a tsakar gida, mu yaran gidan mu kewaye ta, tana tuƙi tana ba mu tatsuniya. Kowace tatsuniyarta da waƙa a ciki. Muryarta mai kauri ce, tana tafiya sai ta ɗan katse a tsakiyar kalma kamar mai shessheƙa, sannan ta ɗora.

Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, ƴar Filato, takan zauna da mata biyu ƴan garinsu suna bitar waƙoƙin coci. Wata rana ina jin su ta bayan katanga, na kasa bambance muryar ɗaya da ɗaya. Na tambayi Iya ko ƴan uwa ne.

"Ba uwa ɗaya ba, ƙasa ɗaya," in ji ta. "A kan duwatsu aka haife su, Bilki. Daga wannan tsauni ake kiran na wancan, dole murya ta yi sama. Ga coci ta jera su tun suna ƙanana. Mu kuwa a kan dutsen niƙa muka koyi waƙa. In kin tura, numfashi ya fita. In kin jawo, ya katse. Duk macen Kwarin Gawo, ko a Makka na ji ta, na san ta."

Sai ta gyara itace ta ce, "To ga wata tatsuniya nan tafe, kowa ya kama bakinsa."

Wai a wata shekarar yunwa, wasu iyaye suka ba fatake ƙaramar ƴarsu Jummai, don kada ta mutu a gabansu. Yayarta Laraba ta girma da abin a ranta. Da ta yi ƙarfi sai ta ɗaure ƙunshinta ta shiga duniya nema. Fuskar Jummai ta riga ta ɓace mata, muryar kaɗai ta riƙe. Duk garin da ta shiga, sai ta bi bayan danga lokacin niƙa tana saurare. Bayan shekaru, a wani gari mai nisa, ta ji waƙar da katsewarta, sak. Ta faɗa gidan ko sallama babu, ta rungume mai niƙan tana kuka. Matar ta bari sai da Laraba ta gama kukan, sannan ta ce, "Baiwar Allah, ni ban san Jummai ba. Uwata ce ƴar garinku, ina goye a bayanta na koya." Laraba ta ci gaba. Sau huɗu tana samun muryar, sau huɗu ba Jummai ba ce. Da ƙafa ta gaza ta koma gida da furfura, ta tarar ɗakin uwarsu ya zube.

Iya ta fara kwashe tuwo.

"Iya, ba ta gan ta ba?" Rifkatu ta tambaya.

"Ba ta gan ta ba."

"Kai, wannan labari ba ya da daɗi."

"Ban ce da daɗi ba, ƴar nan. Miƙo kwanonki."

Iya ta rasu shekarar da na shiga sakandare. Ta so a mayar da ita gida ta ƙare kwananta a can, Babana yana ta cewa sai aiki ya yi sauƙi. A nan aka binne ta.

Yanzu ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, da ƴata guda, Amira. Wata Asabar na je Zuba sayen lemu, ina cikin ciniki sai na ji muryar nan mai katsewa, irin ta Iya. Na bi sautin ta tsakanin motoci har na iske wata tsohuwa zaune kan buhu, tana ware wa wani ɗan kasuwa ruɓaɓɓun lemu, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Baba, daga Kwarin Gawo kike?"

Ta saki lemun da ke hannunta. "Ke ƴar wace ce?"

Na faɗi sunan Iya da na gidansu. Ta san gidan, har da tsamiyar ƙofar. Na ce yaya mutanen gari.

"Wane gari? Ƴan bindiga sun tashe mu, ƴata. Kowa ya kama gabansa. Duwatsun niƙanmu na can ciyawa ta rufe. Dama tun kafin nan yara inji suke kai hatsi."

Na roƙe ta ta yi mini waƙar in ɗauka a waya. Ta gwada, ta tsaya, ta sake gwadawa. "Ba ta zuwa in an ce a yi," ta ce. "Babu dutse, babu mai amsawa, me zan bi?" Duk da haka ta daure ta yi kaɗan. Da na koma bayan sati biyu, ɗan kasuwar ya ce ta bi wata mota, bai san inda ta nufa ba.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Laraba labarin ɓatan ƴar uwa ce. Sai yanzu na gane Iya labarin kanta take ba mu: mace zaune a tsakiyar baƙi tana kasa kunne ko za ta ji nata. Murya aikin gari guda ce, ba ta mutum ɗaya ba. Laraba ma ta fi mu sa'a, don a zamaninta ana haihuwar masu yin ta. Ni jinin Kwarin Gawo ce, amma in na buɗe baki muryar rediyo ke fitowa, sumul, babu inda take katsewa.

Na kunna wa Amira abin da na ɗauka. Ta kara wayar a kunne, ta yamutsa fuska.

"Momi, ina waƙar? Ni hon ɗin mota kawai nake ji."

Na ce ta saurara da kyau, tana nan a ƙarƙashi. Ta ƙara saurare kaɗan, don kada in ji haushi, sannan ta miƙo mini wayar ta koma wajen wasanta.